Randa Tana Cike da Ruwa Ranar da Na Ƙone

Assalamu alaikum warahmatullah. Ni uwa ce, ina zaune a Funtuwa, sana'ata ɗinki. Duk wadda ta taɓa kawo mini yadi ta ga hannuna na hagu. Wasu sukan tambaya, wasu su kawar da kai don kada in ji nauyi. Na daɗe ina ba mutane labarinsa guntu-guntu a bakin keke, yau kuma na ga gara in faɗe shi gaba ɗaya, domin abin da ya lalata hannun nan har yanzu ana yin sa a gidajenmu, kuma da kyakkyawar niyya ake yi.

Ina 'yar shekara shida Innarmu ta haifi ƙanena, a tsakiyar hunturu. A lokacin mai jego sai ta yi arba'in cur tana wankan ruwan zafi safe da yamma. Goggo, yayar Babanmu, ita ta tare a gidan don kula da ita. Tun kafin assalatu take hura wuta a tsakar gida, ta ɗora wata ƙatuwar tukunya, ta cusa ganyen darbejiya, ruwa ya yi ta tafarfasa. Mu yara kuwa abin nema ya samu, sai mu kewaye murhu muna jin ɗumi kafin mu tafi makarantar allo.

Ranar an riga an sauke tukunyar an ajiye ta a ƙasa, tururi na tashi. Na taso da gudu zan ɗauko allona, ƙafata ta harɗe da wani itace, na tafi gaba ɗaya. Hannuna na hagu ya nutse a cikin ruwan har gwiwar hannu. Ina sanye da rigar sanyi ta ulu mai dogon hannu. Rigar ta sha ruwan ta riƙe shi, ta manne mini a fata.

Ni ce 'yar fari, Inna ko sunana ba ta kamawa saboda alkunya. Amma ranar ta manta da wata alkunya, ta fito daga ɗaki da ɗaurin ƙirji, ta suri moɗa ta nufi randa. Randar tana nan a gindin bango, cike taf, ba ta fi taku uku daga inda nake birgima ba. Sai Goggo ta daka mata tsawa: "Ke, kada ki kuskura! Ruwa a kan ƙuna? So kike ta tashi bororo hannun ya ruɓe?" Inna matar ƙani ce, ga ƙuruciya, ga jego. Ta ajiye moɗar.

Ba na riƙe Goggo a zuciya, Allah Ya jiƙanta da rahama. Ita ta yi ta goyona a watannin da suka biyo baya, ita ta sayar da tunkiyarta aka biya kuɗin magani. Abin da ta gada ta yi, kuma duk matan da suka cika gidan a safiyar nan babu wadda ta musa mata. Aka fasa ɗanyen ƙwai aka shafe hannun. Wata maƙwabciya ta kawo makilin aka ƙara a kai, wai yana sanyaya wuri. Rigar kuwa tana jikina duk tsawon lokacin nan, sai da Baba ya dawo daga masallaci ya sa reza ya tsaga ta. Da aka janye, fata ta biyo ta. Washegari aka samo gashin zomo aka lulluɓe ciwon da shi, aka ce shi ke busar da ƙuna.

Ta sama kam ta bushe. Ta ƙasa kuwa mugunya ce ke taruwa. Kafin a yi suna hannun ya fara wari, zazzaɓi ya rufe ni, na daina cin abinci. Ranar da ake raɗa wa ƙanena suna ni ina gadon asibiti da ƙarin ruwa. Abin da ba zan manta ba shi ne wankin ciwo na farko. Gashin nan ya shige cikin nama, sai da ma'aikatan jinya suka bi shi ɗaya bayan ɗaya da ɗan hantsaki suna tsincewa, mutum biyu na danne da ni. Baba, wanda ban taɓa ganin hawayensa ba, ya fita waje ya jingina da bango.

Allah Ya yi da sauran kwana, na warke. Sai dai hannun ya warke a lanƙwashe. Saboda zafi nakan dunƙule shi in maƙale a ƙirji, babu wanda ya gaya mana cewa dole a riƙa miƙar da shi, a kuma raba tsakanin yatsu da bandeji. Tabon ya ja fata ya tattare, yatsu uku suka haɗe wuri guda, wuyan hannun ya karkace ciki.

Haka na tashi. A firamare yara suka laƙaba mini suna, ba zan maimaita shi ba. Na koyi ɓoye hannu a cikin hijabi har ya zame mini jiki, ko a ɗaki ni kaɗai sai in tsinci hannun a ɓoye. Ranar sallah ƙawayena su yi ƙunshi hannu bibbiyu, ni sai dama kawai. Da aure ya zo, wata daga dangin wanda ya fara nemana ta ce a gabana, ba a bayan idona ba, wai ta yaya mai hannu ɗaya za ta tuƙa tuwon gidan yawa. Maganar ta mutu daga nan. Wanda Allah Ya nufa ya zama uban 'ya'yana bai taɓa ɗaga zancen ba, shi ne ma ya saya mini keken ɗinki, shi ne kuma ya dage sai mun je Kano an duba ko akwai abin da za a iya yi.

A can aka yi mini aiki. Suka tsaga tabon, suka raba yatsun, suka yanko fata daga cinyata suka dasa a wurin. Na yi zaman jinya mai tsawo a ɗakin masu ƙuna, kuma a ɗakin nan na yi karatun da ban yi a makaranta ba.

Wata rana likitan da ya yi aikin yana duba ɗinkin, sai ya tambaye ni abin da aka fara sa mini lokacin da na ƙone. Na lissafa masa. Ya ce, "Ruwa fa, Malama?" Na ce ai an hana. Ya yi shiru, sannan ya ja kujera ya zauna. Ya ce in tuna dankalin da aka tsamo daga tukunya: an raba shi da wuta, amma cikinsa na ci gaba da dahuwa. Haka fatar mutum take. An janye hannu daga ruwan zafi, amma zafin da ya riga ya shiga yana nan yana cin nama yana nutsawa ƙasa. Ruwa mai sanyi ne ke zare wannan zafin. Minti ashirin ana kwarara shi ba tsayawa, kuma ko an makara, matuƙar ba a wuce awa uku ba yana da amfani. Ya ce shi ba zai ce da an yi haka da ba ni da tabo ko kaɗan ba, wannan sanin Allah ne. Amma ƙunar da za ta tsaya a sama ta warke da kanta, rashin ruwa kan sa ta nutse har sai an yi dashen fata. Bororon da ake tsoro kuwa ba ruwa ke kawo shi ba, ƙunar ce da kanta.

Daren nan ban runtsa ba. Randar nan kawai nake gani, da moɗa a hannun Inna.

Daga ranar na zama mai yawan tambaya. Akwai wata sista, babbar mace mai haƙuri, idan ta zo aikin dare nakan tsare ta da tambayoyi, ita kuma ba ta gajiya. Na ce mata ƙwai fa? Ta ce ɗanyen ƙwai na iya ɗauke da ƙwayoyin cuta, ga shi an zuba shi a inda fata ta buɗe. Makilin, man shanu, manja, baƙin mai na inji, duk suna rufe wurin su tsare zafin a ciki, sannan idan an zo asibiti sai an kankare su kafin likita ya ga zurfin ciwon, kankarewar kuwa azaba ce, ni shaida ce. Gishiri, toka, kashin shanu, ƙullin koko, ta ce babu wanda ba ta gani ba a ɗakin nan. Kashin shanu da ƙasa ma suna iya jawo tetanus, ciwon nan da ke sandarar da jiki ya ƙulle haƙora. Na ce to ƙanƙara fa, tunda sanyi ake nema? Ta ce a'a, ƙanƙara na matse jijiyoyin jini ta ƙara kashe fatar da ke neman farfaɗowa. Ruwan famfo, ruwan randa, ruwan rijiya mai tsabta, ko na leda wanda bai daskare ba, shi ake so. Na kawo mata zancen zuma, don na san abin da mutanenmu za su fara faɗa ke nan, kuma gaskiya ne Allah Ya sanya waraka a cikinta. Ba ta musa ba. Ta ce akwai asibitocin da ke wankin ciwo da ita, amma wannan daga baya ne, bayan an sanyaya wurin an kuma duba shi. A mintunan farko zuma ba ta zare zafi.

Wani abin da ya ba ni tsoro shi ne da ta nuna mini cewa ƙunar da ba ta zafi ta fi haɗari. Wadda ta yi ja tana raɗaɗi, ta sama ce. Wadda ta yi fari fat, ko ta yi baƙi ta ƙandare kamar ƙirgi, mai ita yana cewa ba ya jin komai, to ta cinye har jijiyoyin da ke jin zafin. A gida sai a ce alhamdulillahi da sauƙi, a ƙi zuwa asibiti.

A gadon da ke kusa da nawa akwai wata yarinya amarya. Risho ne ya kama hijabinta tana girki. Da ta ga wuta sai ta fita da gudu tana ihu, iska ta ƙara rura ta, yadin kuma irin na roba ne, ya narke ya manne mata a wuya da ƙirji. Sista ta ce da ta faɗi ƙasa ta yi birgima, ko wani ya lulluɓe ta da bargo, da wutar ta mutu nan take. Kuma yadin da ya manne ba a fizge shi, a kansa ake zuba ruwan, a yanke na gefe da almakashi. Yarinyar nan takan kira ni Yaya, mukan yi hira da dare idan zafi ya hana ta barci. Ba ta fita daga ɗakin da rai ba. Allah Ya gafarta mata. A watan Oktoban 2024, da na ji a rediyo tankar fetur ta fashe a Majiya ta jihar Jigawa, mutum fiye da 150 sun rasu, wasu da yawa suna kwance a asibitoci, ita ce ta fara faɗo mini a rai, don na san irin daren da waɗanda suka tsira za su riƙa kwana. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce ƙuna na kashe kimanin mutum 180,000 duk shekara, mafi yawansu a ƙasashe irin namu. Ni dai fuska ɗaya na sani a cikinsu, ita ma ta ishe ni.

Shekaru suka wuce, sai Allah Ya kawo ranar da za a jarraba ni da abin da na koya. Autana yana ɗan shekara uku. Da safe ne, na dama kunu na juye a babban kwano na ɗora kan teburi, na juya zan ɗauko kofuna. Ya miƙa hannu ya jawo. Kunun ya kwaro masa daga kafaɗa zuwa ƙirji. Wanda ya san kunu ya san ya fi ruwa mugunta, don shi kauri gare shi, yana kwanciya a fata.

Ban san lokacin da na sure shi ba. Na tuɓe masa riga nan take tun ba ta kama jiki ba, na tsinke ɗan kambun da ke damtsensa, don an gaya mini wuri na kumbura, zobe ko awarwaro ko wani abin ɗauri sai ya shaƙe jini. Na zaunar da shi a cikin baho a bakin randa, na fara kwarara ruwa da moɗa. Unguwarmu famfo sai a yi sati bai kawo ba, saboda haka na ce wa babbar 'yata ta ruga ta tsayar da mai ruwa ko nawa ne jarka, ƙanwarta kuma ta riƙe waya tana duba mini lokaci.

Ihunsa ya fito da surukata daga sashenta. Ta zo da ƙwai biyu a hannu, tana salati. "Ke 'yar nan, me kike yi haka? Ruwa? Za ki kashe mini miji! Matsa in shafa masa." Tunda aka kawo ni gidan ban taɓa ɗaga ido na dube ta ba, balle in mayar mata da magana. Jikina na rawa, hannuna bai daina zuba ruwa ba. Na ture hannun rigata, na miƙa mata hannun hagu, na ce, "Hajiya, don girman Allah ki yi mini haƙuri. Wannan ƙwai aka sa masa. Ki bar ni in yi abin da likita ya ce, in ya so daga baya ki yi mini duk hukuncin da kika ga dama." Ta dubi hannun, ta daɗe tana dubansa. Sai ta ajiye ƙwan a kan turmi, ta tsuguna ta riƙe masa ƙafafu tana lallashinsa.

Minti ashirin a baki ba komai ba ne. Idan ɗanka ne ke tsala ihu a gabanka, tsawonsa ya wuce misali. Maƙwabta suka cika gidan, kowa da tasa: wannan ta ce ya isa haka, waccan ta ce sanyi zai kama shi. Ta biyun tana da gaskiya, don ƙaramin yaro jikinsa na saurin yin sanyi, shi ya sa na sa aka lulluɓe masa baya da ƙafafu da tawul, ruwan na sauka a kan ƙunar kawai. Wajen minti goma kukan ya ragu, ya koma shessheƙa. Da na ɗan tsagaita don in ɗebo ruwa sai ya ce, "Umma ƙara." Ashe shi da kansa ya ji inda sauƙin yake.

Da lokaci ya cika, bororo biyu sun taso. Wata ta zaro allura daga ɗankwalinta za ta fasa, na riƙe hannunta. Fatar bororon ita ce murfin da Allah Ya yi wa ciwon, idan an fasa an buɗe wa ƙwayoyin cuta ƙofa. Na samo ledar nan marar kauri da ake naɗe abinci da ita, na shimfiɗa a kan wurin ban ɗaure ba, don ita ba ta mannewa. Inda babu ita, wankakken zani marar gashi ya wadatar, auduga ce dai ba a so. Babansu ya iso, muka hau Keke Napep sai asibiti.

Ban tsaya shawara a kan zuwa asibiti ba, domin sista ta koya mini awo. Tafin hannun wanda ya ƙone, haɗe da yatsunsa, shi ne kusan kashi ɗaya cikin ɗari na fatar jikinsa. Ƙunar da ta fi tafin hannunsa faɗi ta wuce ta gida. Haka wadda ta taɓa fuska, hannu, ƙafa, gaba ko gaɓar da ke lanƙwasawa, haka ta lantarki ko ta sinadari, komai ƙanƙantarta a ido. Ƙaramin yaro kuwa ko yaya take gara a kai shi. Idan ta kai tafi goma a jikin yaro, ruwan jikinsa na tsiyayewa ta wurin, sai an yi masa ƙarin ruwa cikin gaggawa. Ta autana ta kai tafinsa uku.

Ma'aikaciyar da ta karɓe mu ta ɗaga ledar, ta ga wurin fes babu abin kankarewa, ta ce, "Wa ya yi masa wannan?" Hajiya ce ta amsa, ta ce, "Uwarsa ce." Aka ba shi maganin zafi, aka wanke, aka naɗe. Muka yi ta zuwa wankin ciwo, kafin wata ya zagayo sabuwar fata ta rufe wurin, ba a yi dashe ba. Yau yana aji huɗu, in ba an faɗa ba babu mai cewa ya taɓa ƙonewa, sai ɗan sauyin launi a kafaɗa.

Tun daga nan shagona ya zama wurin wannan magana. Mai jiran ɗinki ba ta da inda za ta, dole ta saurare ni. Masu suyar ƙosai da awara nakan ja musu kunne a kan abu guda, don kada a juya mini zance: ruwa a kan fata ake zubawa, ba a kan man da ya kama wuta a kasko ba. Wannan idan ya ji ruwa tashi yake ya watsu a fuska, rufe shi ake yi da murfi ko faranti a kashe wutar ƙasa. Masu haɗa sabulun ruwa a gida, waɗanda suka yi yawa yanzu, nakan ce musu sodar nan mai cin fata da suke haɗa shi da ita, idan ta zuba a jiki a cire tufafin a yi ta wankewa da ruwa mai yawa fiye da minti ashirin ɗin ma, idan ido ne kuwa a wanke a garzaya asibiti. Wanda lantarki ya ja, a fara kashe wutar kafin a taɓa shi. Masu jego kuma ban ce su bar wanka ba, ba hurumina ba ne, amma ruwan da gwiwar hannu ba za ta iya jurewa ba bai kamata ya hau jikin mace ba, kuma tukunyar da aka sauke kada a bar ta a hanyar yara.

Ba kowa ke karɓa ba. Akwai wadda ta ce mini kakanninmu da gashin zomo suka warke. Na ce mata waɗanda suka warke su muke gani, sauran suna maƙabarta, wasu kuma irina ne. Amma Hajiya, Allah Ya ƙara mata lafiya, ta fi ni yaɗa zancen, kuma ita tsofaffi 'yan uwanta suna jin maganarta fiye da tawa. Bara yaron mai shayin bakin layinmu ya kifar da tukunyar ruwan zafi a ƙafarsa, mutane suka taru har wani ya ɗebo baƙin mai daga wurin mai gyaran babur. Hajiya tana dawowa daga gaisuwar mutuwa ta tarar da su. Ta sa sandarta ta tare mai baƙin man, ta tsayar da ɗan garuwa, ta sa aka juye jarka huɗu a ƙafar yaron a hankali tana tsaye a kansu, sannan ta biya kuɗin ruwan daga bakin zaninta ta sa aka kai shi asibiti. Yaron ya koma bakin aikinsa kafin azumi.